Makullin Ɗakin 'Yan Tsaki

Ranar Lahadi, goma sha huɗu ga watan Yuli na shekarar 2019, gari ya waye da yayyafi mai naci da iska mai sanyi, irin wadda ke sa mutum ya laluɓo rigar sanyi a tsakiyar damina. A safiyar nan ce wata mata da kowa ke kira Sista ta yi abin da har yau, in ta tuna, sai ta sunkuyar da kai.

Sista ta yi aikin jinya shekaru masu yawa a ɗakin bakwaini na wani asibiti kafin ta yi ritaya. Mace ce mai tsabta da tsari, ba ta makara, ba ta mantuwa. A majami'a ita ake ba koyarwa a ajin mata, domin ta iya bayani kuma ba ta wuce lokaci. Aibinta ɗaya ne, amma babba: ba ta iya sakin abu. Duk abin da ya shiga hannunta, gani take in ta kau da ido zai lalace. Tana addu'a ƙwarai, amma da ta ce amin sai ta tashi ta koma ta sake dubawa, kamar wadda ta ba sabuwar ma'aikaciya aiki ba ta yarda da ita ba.

A shekarar nan zumuntar matan majami'ar ta shirya taimaka wa gwauraye da kaji. Za a reni 'yan tsaki har su yi gashi su daina bukatar wuta, sannan a raba. Wadda ta samo 'yan tsakin wata matashiya ce mai ɗinki, sabuwar zuwa, wadda matan ke kira Auta saboda ita ce ƙarama a cikinsu. Kullum a bencin baya take zama, ba ta cika magana ba. Yayanta yana da injin ƙyanƙyasar ƙwai a wani gari mai nisa, ita ce ta yi ta roƙonsa har ya ba da 'yan tsaki wajen ɗari biyu kyauta. Ranar da ta sauke kwalayen a gaban mata, ita ce ranar farko da aka ga haƙoranta. Kowa ya gane cewa ba 'yan tsaki kawai ta kawo ba, gurbi take nema a cikin matan nan, su san ta, su riƙe ta kamar tasu.

Ba a yi gardama ba wajen zaɓen mai reno. Matar fasto ta ce wadda ta raya bakwaini ai ɗan tsako ba zai gagare ta ba. Aka kai su wani ƙaramin ɗaki a bayan gidan Sista, mai rufin kwano da ƙofa ɗaya da 'yar taga can sama. Aka shimfiɗa dusar katako, aka ajiye kaskon gawayi a tsakiya, aka jera mazuban ruwa da na abinci. An kuma shirya cewa mata za su riƙa zuwa bi da bi suna taya ta. Amma kafin mako ya zagayo Sista ta sallame su duka. Wannan ba ta wanke hannu da kyau ba, waccan ta shiga da takalmi, wata kuma muryarta ta yi ƙarfi tana firgita su. Auta ce kaɗai ta ci gaba da zuwa, ita ma iyakarta bakin famfo, tana wanke mazubai. Ta taɓa cewa, "Mama, ko abinci ne ki bar ni in zuba musu mana." Sista ta ce mata sai ta koya tukuna, ba ta kuwa koya mata ba.

Mijin Sista tsohon direban motar asibiti ne, mutum mai barkwanci, wanda ciwon gwiwa ke zaunar da shi a gida duk ranar da aka yi sanyi. Likita yake kiranta in yana son tsokana. Wata rana da ta je kasuwa ya leƙa ya ga 'yan tsakin suna haki, ya buɗe musu tagar gaba ɗaya. Da ta dawo ta yi masa faɗan da ya kwana biyu bai huce a bakinta ba. Daga ranar ya ce ya tsame hannunsa, kaji na Likita ne.

Ba rashin sani ne ya kai Sista ga abin da ta yi ba. Ta san ɗan tsako yana son ɗumi, ta kuma san yana son iska. Ita da bakinta ta koya wa mata cewa in sun cunkushe kusa da wuta sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango zafi ya yi yawa, in kuwa sun warwatsu suna tsattsaga, a ƙyale su. A safiyar nan da ta shiga, a warwatse ta same su, suna ci suna sha, wasu sun miƙe ƙafa suna barci. Ma'aunin zafin da ta rataye ya nuna komai daidai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe ido ta ce, "Ubangiji, na bar su a hannunka." Ta shiga gida ta yi shirin zuwa sujada a majami'a.

Tana ɗaura ɗankwali iska ta kaɗa labule, sanyi ya taɓa mata wuya. Nan take zuciyarta ta koma ɗakin bakwaini, ta tuna jariran da aka riƙa kawo mata jikinsu ya yi sanyi ƙalau, an makara. Ta ga kanta ta dawo daga sujada ta tarar da 'yan tsaki a sandare, mata suna kallonta. Sai ta ajiye jaka ta koma baya. Ta hura kasko na biyu ta cika shi da gawayi. Ta hau kujera ta toshe tagar da leda. Ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Sannan ta datse ƙofar da kwaɗo. Makullin nan a kan ƙusa yake zama a kicin, amma ta tuna halin maigida da buɗe taga, sai ta jefa shi cikin jakarta.

Maigidan yana zaune a baranda da bargo a gwiwa, duk yana kallonta.

"Likita, makullin fa?"

"Yana inda ba zai ɓata ba."

"In rana ta fito fa?"

"Ka ga alamar rana a samaniyar nan?"

Ya yi 'yar dariya. "Ni dai na lura, da safe kina ba Allah ajiya, kafin a jima sai ki koma ki karɓe abinki."

"Ka sha maganinka," in ji ta, ta buɗe lema ta fita.

Ana tsakiyar wa'azi ruwan ya ɗauke. Kafin a yi waƙar rufewa rana ta fito tarwal, har mata suka fara cire rigunan sanyi suna fifita da takarda. Sista ta ga hasken ya faɗo ta tagar majami'a a kan cinyarta. Ta tuna rufin kwano da kasko biyu. Amma ajin mata yana biye da sujada, kuma ita ce mai koyarwa. Ta waiwaya ta hango Auta a bencin baya. Yarinya ce mai sauri, in an miƙa mata makulli kafin a gama waƙa ta isa gidan. Har Sista ta sa hannu a jaka ta taɓa shi. Sai wata zuciyar ta ce mata yarinyar nan za ta wangale ƙofa da taga lokaci ɗaya, iska ta buge su. Ta zare hannunta. Ta ce wa kanta za ta taƙaita koyarwar ta je da kanta.

Ba ta taƙaita ba, domin koyarwar ta yi daɗi. A kan dogara ga Allah ta yi magana, da 'yan tsakin ma ta ba da misali. Ta ce ku dube su, suna kwanciya kusa da ɗumi su yi barci, ba su taɓa tambayar wa zai ƙara gawayi gobe ba, haka ya kamata mai bi ya kwanta a hannun Ubangijinsa. Mata suka yi ta gyaɗa kai. Auta tana baya fuskarta sai sheƙi take, jin ana zancen 'yan tsakinta a gaban kowa. Da aka tashi, matar fasto ta ce tunda misali ya yi kyau haka, bari su bi Sista gida su ga abin da ido. Ita da Auta da wasu mata biyu suka rankaya tare.

Tun daga bakin gida Sista ta san an yi ɓarna, domin ba ta ji kukan da ta saba ji ba. A bayan gida suka tarar da maigida zaune a kan bulo, gumi ya jiƙa masa riga, ƙarfen cire taya a gefensa. Ƙofar ɗakin a wangale take, ta jingina da bango, ɓallallen kwaɗon ya ɓuya a bayanta. Ya riga ya yage ledar, ya fitar da kasaken ya kashe wutarsu da ruwa. A inuwa, cikin kwali ɗaya, wasu 'yan tsaki da ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba suna numfashi baki buɗe. Sauran suna kwance a kan buhu, ya jera su.

Auta ta durƙusa ta ɗauki guda ɗaya ta riƙe a tafin hannu. Sai ɗaya daga cikin matan ta ce ita fa ta taɓa jin irin wannan, akwai ciwon da 'yan tsaki ke zuwa da shi tun daga inda aka ƙyanƙyashe su, ya ɓuya kwanaki sannan ya kwashe su rana ɗaya. Ɗayar ta ce dama abin kyauta sai an yi hattara, wani in ya ga kaya za su lalace masa sai ya ce sadaka ya yi. Matar fasto ta juyo ta dubi wadda kowa ya yarda da saninta.

"Sista, ke ce kika san wannan. Ciwo ne?"

Jakar tana rataye a kafaɗarta. Maigida bai ɗago kai ba. Sista ta ji muryarta tana fita a natse, irin muryar da take yi wa iyayen marasa lafiya bayani.

"Mai yiwuwa ne, Mama. Dama tun zuwansu na ga wasu ba su da kuzari. Sai haƙuri, haka Allah ya so."

Auta ta ajiye ɗan tsakon a hankali. Ta ce yayanta ba zai yi haka ba, ta faɗa sau biyu, muryarta can ƙasa. Ba wanda ya musa mata, ba kuma wanda ya goya mata baya. Ta yi sallama ta tafi.

Da gida ya rage su biyu, maigida ya ba ta labari ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce da rana ta fito ya ji kukansu ya canja. Ya kira wayarta ya ji a kashe. Ya tsaya a bakin ƙofar yana shawara, ya ɓalla ko ya bari, yana tuna faɗan wancan karon. Sai da kukan ya fara raguwa sannan ya ɗauko ƙarfe, ga gwiwa ba ta ba shi haɗin kai. Da ƙofar ta buɗe ya tarar sun taru a gindinta, kan juna, inda suke neman iska ta wurin da aka cusa tsumma. Ya ce nasa laifin shi ne jinkiri, kuma ya roƙi Allah gafara. Sannan ya ce, "Kaji an yi hasara, wannan mai wucewa ne. Amma yau na ji kin ɗora wa yarinyar nan kayanki, kin kuma ɗora wa Allah. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba." Bai ƙara tayar da zancen ba, ko a gida ko a waje.

Makonnin da suka biyo baya sun yi wa Sista nauyi. Magana ta bazu cewa yayan Auta ya sauke wa zumunta marasa lafiyan kaji. Wasu da suka yi niyyar saye a wurinsa suka fasa. Ba wanda ya zagi Auta, amma gaisuwa ta gajarce, mata biyu suka karɓe ɗinkinsu ba a gama ba. Ta zo sujada sau ɗaya, ta fita kafin a tashi. Daga nan bencin baya ya zama wayam. Sista tana ganin wannan duka. Kullum takan ce wa kanta gobe za ta gyara, in ta sami kalmomin da suka dace, in ƙura ta lafa. Ɗakin bayan ma ta kasa shiga. Maigida ne ya ci gaba da kula da waɗanda suka rage, yana ɗingishi, taga a buɗe, yana yi musu hira kamar fasinjoji. Suka yi gashi, suka yi ƙiba, ko ɗaya bai ƙara mutuwa ba. In ta tsaya addu'a kuwa, da ta ce Ubangiji sai sauran maganar ta maƙale.

Ranar rabo aka taru a harabar majami'a. Gwaurayen da aka yi wa alkawarin garke, kowacce ta tashi da 'yan ƙalilan a kwando. Matar fasto ta yi jawabi, ta ce a gode wa Sista wadda ta yi tsaye har ta ceci waɗannan daga annoba, ta ce nan gaba zumunta za ta san inda za ta riƙa karɓar kaya. Aka yi tafi. Sannan ta ce Sista ta rufe taron da addu'ar godiya.

Sista ta miƙe, mata suka rufe ido. Shiru ya yi tsawo har wasu suka fara buɗe ido ɗaya. Ta ga ba za ta iya yi wa Allah godiya a kan ƙarya da sunansa a ciki ba.

"Ku buɗe idanunku," ta ce. "Ba ciwo ba ne. Lafiyarsu ƙalau aka kawo su. Ni na toshe taga, na ƙara wuta, na kulle ƙofa na taho da makulli. Yana cikin jakata lokacin da nake koya muku dogara ga Allah. Da Mama ta tambaye ni, na ji kunya, na bar ku kuka zargi Auta da yayanta."

Ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ji ta yi kamar an tuɓe mata ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Matar da ta fara kawo zancen ciwo ta rufe baki da hannu. Waɗanda suka karɓe ɗinkinsu suka dubi ƙasa. Wata tsohuwa cikin gwaurayen, wadda ta girmi kowa a wurin, ta gyara kwandonta ta ce, "To, 'yata, kin gasa mana kaji tun ba su isa ci ba. Mu dai mun yafe namu. Amma ba mu ne kika fi ɓata wa ba." Wasu suka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Matar fasto ce ta yi addu'ar da kanta, gajeriya, ta roƙa wa dukansu gafara, domin ta ce kunnen da ya karɓi zargi ba bincike shi ma yana da nasa rabon.

Daga nan Sista ta wuce kai tsaye shagon Auta. Ta tarar da shi a rufe, an cire labule, ba keken ɗinki. Mai shagon kusa ta ce ai ta kwashe kayanta ta koma garin yayanta tun makon jiya. Sista ta kira lambar Auta ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, washegari ma haka, daga baya ta daina shiga gaba ɗaya. Ta ce za ta hau mota ta je da kanta. Maigida ya ce mata kada ta je ta tsaya wa yarinya a ka, ta tilasta mata yafiya don kunyar furfura. Ta ba ta dama ta ji maganar ita kaɗai, ta yi fushinta, ta yanke abin da ta ga dama.

Sai ta karɓi adireshin yayan a wurin matar fasto, ta zauna da rana a teburin cin abinci ta rubuta wasiƙa. Ta farko ta cika da bayanin sanyin safiyar da abin da ta gani a asibiti, da ta karanta ta ga kare kanta take yi, ta yaga. Ta biyu gajeriya ce. Ta faɗi abin da ta yi, ta faɗi cewa ta gaya wa mata duka, ta roƙi gafarar Auta da ta yayanta, ta ce gurbinta yana nan in ta so dawowa, in ba ta so ba kuma ba mai ganin laifinta. Ko bayan ta liƙe ambulan sai da wasiƙar ta yi kwanaki a kan tebur. Kullum da dalili: ko a ƙara kalma, ko a jira mai zuwa garin wanda za a damƙa wa hannu da hannu.

Ranar da ta kai ta gidan waya, ta dami ma'aikacin da tambaya. Yaushe za ta isa? In mutumin ba ya nan fa? In ruwa ya jiƙa ta a hanya fa? Ya manna kan sarki ya ce, "Mama, mu dai namu mu kai. Karantawa da amsawa ba a wurinmu suke ba." Ya nuna mata akwatin. Ta zura ambulan har rabi, ta tsaya riƙe da gefensa. Ta san da zarar ta saki, ba ta da sauran iko a kan komai: ko ta isa, ko a buɗe, ko a yafe. Ta ce a zuciyarta, Ubangiji, na bar ta a hannunka. Sannan ta buɗe yatsunta, ta ji faɗuwar takardar a ciki. Ta juya ta kama hanyar gida, ba ta waiwaya ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, dogara ga Allah ba a baki take ba, kuma ba ta hana mutum yin aikinsa. Ka yi abin da ka san daidai ne, sannan ka yarda cewa akwai iyakar da hannunka ba ya wucewa, ka bar wa Ubangiji da kuma mutanen da ya sa kusa da kai. Tsoron da ke sa mu ƙanƙame komai yakan yi kama da kulawa, amma sau da yawa shi ke kashe abin da muke son rayawa. In kuwa ɓarna ta faru ta hannunka, kada ka ce haka Allah ya so don ka rufe kunyarka, kada kuma ka bar marar ƙarfi ya ɗauki kayanka. Faɗin gaskiya a ranar farko kunyar yini ɗaya ce. Jinkirta ta kan jawo hasarar mutum, wanda ba lalle ne a sake samunsa ba.